Darasi: Lambar da ke tare da harafin V

Yanzu kuran ya shiga ƙauyuka da yawa. Inda waya ba ta kai ba, akwai pano mai ɗaukar hasken rana, akwai batir, akwai pil. Manomi ya sayar da wake ko albasa, ya sayo rediyo, ko ampul, ko salula. Amma sau da yawa kayan ba sa daɗewa: a haɗa su yau, gobe sun ƙone. Sai a ce ɗan kasuwa ya yi cuta. Alhali kuwa akwai wata ƴar lamba a jikin kayan, wadda ba a karanta ba.

Mene ne bolt?

A jikin kowane kayan kuran akwai lamba tare da harafin V. Ana karanta wannan harafi "bolt". Sunan ya fito daga wani masani ɗan ƙasar Italiya, Alessandro Volta, wanda ya ƙera pil na farko a shekara ta 1800.

Bolt shi ne awon ƙarfin da ke tura kuran cikin waya. Kowa ya san shaton ruwa na pampo. In shato yana da tsawo, ruwa yana fitowa da ƙarfi. In gajere ne, ruwa yana zuwa a hankali. Haka bolt yake: in lambar tana da yawa, turin yana da ƙarfi.

Akwai wasu haruffa biyu. Harafin A, shi ne "amper": yawan kuran da ke gudu cikin waya, kamar yawan ruwan da ke bin tiyo. Harafin W, shi ne "wat": yawan ƙarfin da kaya ke ci. In aka ninka bolt da amper, sai a sami wat. Misali: ampul mai 12 V da ke jan rabin amper, wat 6 yake ci.

Lambobin da ya kamata a riƙe

Pil na rediyo ko na tocila: 1,5 V, wato bolt ɗaya da rabi.
Abin cajin salula yana fitar da 5 V.
Batir na mota da na ƙaramin pano: 12 V.
Kuran na gida, wanda NIGELEC ke kawowa: 220 V.

Pil babba da pil ƙarami duk 1,5 V ne. Babban ya fi daɗewa ne kawai. In aka jera pil 4, kan wannan a gindin wancan, bolt ɗinsu yana haɗuwa ya zama 6 V. Haka ma batir 2 masu 12 V, in aka jera su, suna ba da 24 V.

Doka ɗaya ce: lambar kaya ta yi daidai da lambar wutar da za a ba shi. Rediyo mai 6 V, in aka haɗa shi da batir 12 V, ya ƙone. Ampul mai 12 V, in aka sa shi a kuran na gida, ya mutu nan take. Wasu kayan gwanjo kuma an yi su don ƙasar Amurka, inda kuran na gida yawanci 120 V ne. In an rubuta 110 V ko 120 V kaɗai, kada a sa su a kuran namu.

Manyan wayoyi

Kuran da ke tafiya nesa yana raguwa a hanya. Don a rage wannan hasara, sai a ɗaga bolt ɗinsa sama ƙwarai. Wayar da aka ja daga Birnin Kebbi ta Nijeriya zuwa Yamai a shekara ta 1976, bolt dubu 132 take ɗauka. Bolt dubu ɗaya shi ake kira kilobolt, ana rubuta shi kV. In kuran ya iso gari, sai ya shiga transfo, wato babban akwatin ƙarfen da ake gani bisa poto. Aikin transfo shi ne rage bolt kafin kuran ya shiga gidaje.

Kiyaye rai

Bolt 12 ba ya kashe wanda ya taɓa shi, amma in wayoyin batir biyu suka haɗu, suna iya tada gobara a ɗakin kara. Bolt 220 kuwa yana kisa, balle in hannu yana da ruwa, ko ƙafa ba takalmi. Na manyan wayoyi ya fi duka: ba sai an taɓa ba, kusantar su ma ta isa, domin wutar tana tsallakowa.

Saboda haka, makiyayi kada ya hau itacen da ke kusa da waya don saro wa dabbobi ganye. Kada a gina rumbu, kada a tara kara a ƙarƙashin waya. Kada a tsaya bisa lodin babbar mota in za ta wuce ta ƙasan waya. In iskar damina ta kada waya ƙasa, kowa ya yi nesa, a tsare yara da dabbobi, a aika wa maigari da ma'aikatan kuran. In kuran na gida ya kama mutum, kada a jawo shi da hannu. A kashe wutar tukuna daga kontar. In ba hali, a raba shi da wayar da busasshen icce, sannan a kai shi likita.

Wanda ya iya karatu ya iya kare dukiyarsa da iyalinsa. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Yaya ake karanta harafin V?
2. Rediyo mai 9 V, pil nawa yake bukata?
3. Mene ne aikin transfo?
4. Kowane ɗalibi ya duba kaya 3 a gidansu, ya rubuto lambar bolt ɗinsu a allo.