Darasi: Bakin Kogi Amana Ce

'Yan'uwa, a Satumbar 2024 madatsar Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya tumbatsa, ruwa ya mamaye unguwannin Maiduguri.

Darasi na farko: bakin kogi ba juji ba ne, ba kuma filin gini ba. In aka bar shi fili da itatuwa, ruwa zai samu wurin bazuwa kafin ya kai gidaje.

Na biyu: cikin kuɗin aiki a ware na zama da jama'a, wato masunta, manoman fadama, mata da naƙasassu. Su suka san inda ruwa yake kwanciya.

Na uku: kada mu jira gwamnati kaɗai. Sayyidina Usman (RA) ya sayi rijiyar Ruma ya yi waƙafinta. Mu ma mu buɗe asusun unguwa.

Allah Ya tsare mu.