Jar Fitila a Gaban Direban Katafila: Ciwon Inji Ne ko Laifin Waya?

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya tashi a ƙasar Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada ko Doguwa ya san katafila mai haƙa, wadda makanikai suke kira eskabeta. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a shekarar 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, tsibin ƙasa ce da manyan injuna suka tara. Irin waɗannan injuna ake sa wa su yashe hanyoyin ruwan noman rani, su haƙo burji domin gina tituna, su kuma buɗe ramuka a wuraren ma'adinai irin su Riruwai, garin da ya yi suna wajen kuza.

Wata rana ana cikin aiki sai jar fitilar baƙin mai ta kama a gaban direba. Idan da gaske matsin mai ne ya faɗi, mintoci kaɗan sun isa injin ya buga, a yi asarar dukiya mai yawa. Idan kuwa waya ce ta lalace, za a iya kwance lafiyayyen inji a banza, aiki ya tsaya makonni ana jiran kaya daga Kano. Wannan darasi zai nuna yadda ake rarrabe tsakanin biyun ta hanyar awo, bi da bi.

Amfanin Matsin Mai

A cikin inji akwai famfo mai zuƙo baƙin mai daga kwanon da ke ƙasa, ya tura shi ta cikin filta zuwa ƙananan hanyoyi. Man yakan shiga tsakanin karanshaf da ƙarafan da yake juyawa a kansu, ya zama siririn shimfiɗa, ta yadda ƙarfe ba zai goga ƙarfe ba. Wannan shimfiɗa ba ta ɗorewa sai da matsi. Ana auna matsin da ma'aunin da ake kira ba, kuma ba 1 daidai yake da kilofaskal 100. A yawancin injunan dizal, idan suna cikin aiki, matsin yakan kasance tsakanin ba 3 zuwa 5, ya ragu idan injin yana silo. Ainihin adadin kowane inji yana cikin littafin kamfanin da ya ƙera shi.

Na'urar Jin Matsi Iri Biyu Ce

Direba ba ya ganin man da ke yawo a cikin inji. Saboda haka ake ɗaura wata 'yar na'ura a jikin injin, bakinta yana cikin hanyar mai, domin ta kai masa labari.

Iri na farko makunni ne mai waya ɗaya, wanda ake samu a tsofaffin injuna. Idan babu matsi, a rufe yake, wuta tana bi ta fitila ta ratsa shi zuwa jikin inji, fitila ta kama. Da zarar matsi ya hau, sai ya buɗe, fitila ta mutu. A lura da abubuwa biyu a nan. Idan rigar wayar ta ɓare ta taɓa ƙarfe, fitila za ta kama ko da mai lafiya lau yake. Idan kuwa wayar ta tsinke, fitilar ba za ta ƙara kamawa ba ko da mai ya ƙare ƙaf, wannan kuwa ya fi haɗari. Shi ya sa direba nagari yakan tabbatar fitila ta kama sa'ad da ya murɗa makulli, kafin ya tayar da inji.

Iri na biyu mai waya uku ne, yana aiki da kwamfutar inji. Ko da yake yawancin katafiloli suna amfani da batir biyu masu ba da bolt 24, kwamfutar bolt 5 kawai take aika wa na'urar ta waya ta farko. Waya ta biyu ita ce ta komawar wuta. Ta uku ita ce mai kai labari, kuma a yawancin na'urori wutar da ke kanta tana kai-komo ne tsakanin bolt 0.5 da bolt 4.5, gwargwadon matsi. Hikimar wannan tsari ita ce, lafiyayyar na'ura ba ta nuna 0 ko 5. Idan kwamfuta ta ga haka, ta san laifin na waya ne ko na na'urar.

A tsarin lambobi na J1939, wanda kamfanoni da yawa suke bi, lamba 100 ita ce ta matsin baƙin mai. Idan 3 ta biyo bayanta, wuta ta yi yawa a wayar labari. Idan 4 ce, wuta ta yi kaɗan. Idan kuwa 1 ce, kwamfuta ta yarda da labarin, kuma matsin ne ya faɗi ƙwarai.

Matakan Bincike

1. A sauke bokiti ƙasa, a kashe inji nan take. Ana ɗaukar gargaɗin a matsayin gaskiya har sai awo ya ƙaryata shi.

2. Bayan 'yan mintoci, a zaro sandar awon mai. A duba yawansa, a duba ko ya tsinke yana warin dizal, ko ya yi fari-fari alamar ruwa ya shiga. A leƙa ƙarƙashin inji ko yana yoyo.

3. A kwance na'urar, a ɗaura agogon awon matsi na hannu a gurbinta. Wannan agogo ba ruwansa da lantarki. Yana aiki ne da lanƙwasasshen bututu wanda Bafaranshe Eugène Bourdon ya yi wa rajista a 1849. A tayar da inji a taƙaice. Idan allura ba ta tashi ba cikin 'yan daƙiƙoƙi, a kashe, ciwon na inji ne. Idan ta nuna matsi mai kyau har bayan mai ya yi zafi, a koma kan lantarki. Gani ya kori ji.

4. A duba soket da wayoyi da ido. Ƙurar hunturu, lakar damina, tsatsa, zafin inji da girgiza duk suna cin waya. Ɓeraye ma sukan gaigaye ta idan katafila ta daɗe a ajiye a bakin gona.

5. A cire soket, a murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba. A sa mita tsakanin waya ta farko da ta biyu, ya kamata a ga kusan bolt 5. Idan babu, sabuwar na'ura ba za ta magance komai ba. A tuna kuma sau da yawa na'urori da dama suna shan wuta daga layi ɗaya, lalacewar ɗaya takan shafi sauran.

6. A kashe makulli, a cire kan batir, a cire soket ta ɓangaren kwamfuta. A auna turjiyar wayar labari daga wannan kai zuwa wancan. Lafiyayyar waya takan nuna kusan om 0. A sake aunawa tsakaninta da jikin inji, a nan bai kamata a sami hanya ba. Ana awo ana girgiza wayoyin da hannu, domin wani tsinkewar ba ya bayyana sai da motsi.

7. Sai an wanke mai da wayoyi daga zargi sannan a sauya na'urar.

Gargaɗi

Wasu sukan cire wayar kawai domin ƙara ta daina damunsu. Wanda ya yi haka ya toshe bakin mai gadi ne, ɓarawo kuwa yana nan tafe. Wasu kuma sukan gwada waya ta hanyar ƙyasta ta a jikin ƙarfe su ga tartsatsi, ko su jona mata wutar batir kai tsaye. Bolt 24 a layin bolt 5 yana iya ƙona na'urar, har da kwamfutar inji, wadda ta fi ta tsada nesa ba kusa ba.

Aiki a Aji

Malam zai iya haɗa batirin tocila biyu, ƙwan tocila, makunni da waya. Ɗalibai su tsallake makunnin da guntuwar waya, su ga ƙwai ya kama ko da makunni a buɗe yake. Sannan su cire waya ɗaya, su ga ya ƙi kamawa ko da a rufe yake. Waɗannan su ne laifuffuka biyun da muka ambata.

Tambayoyi

1. A ƙaddara wata na'ura tana ba da bolt 0.5 idan babu matsi, da bolt 4.5 a kan ba 10. Nawa ne matsin idan mita ta nuna bolt 2.1?

2. Georg Ohm, Bajamushe, ya wallafa dokarsa a 1827. Yi amfani da ita ka bayyana dalilin da tsatsa a bakin soket take rage wutar da ke isa ga na'ura.

3. Me ya sa awo da agogon hannu yake zuwa kafin awo da mita?

Kammalawa

Abin da ake bukata a wannan bincike bai wuce agogon matsi, mita da ilimin lantarki da ake koyarwa a sakandare ba. Ɗalibin da ya riƙe darasin kimiyya da kyau, ya kuma saba da auna abu kafin ya yanke hukunci, zai iya ceton inji a Tiga ko Riruwai ba tare da an jira wani daga birni ba.