Kada ki yi wa bakteriya kuɗin goro

'Yata, tunda kin ɗauki ATP sintes a matsayin abin bincikenki, bari in ɗan ja miki kunne.

Kin san furotin ɗin nan juyawa yake yi, kamar injin markaɗe. Ƙwayoyin haidirojin su kwarara ta sashen F0 da ke manne a fatar bakteriya, sandar tsakiya ta juya, sashen F1 ya haɗa ATP uku a kowane zagaye. A 1997 Noji da abokan aikinsa a Japan suka ga juyin nan ƙiri-ƙiri, bayan sun sa E. coli ta ƙera musu F1 na wata bakteriya mai son zafi.

To, ɗalibi kan ɗauka cewa yawan ATP shi ne riba. A tankin masana'anta ba haka abin yake ba. Bakteriyar da ta ƙoshi da ATP sai ta rage cin sukari, ta mai da hankali kan hayayyafa, mai masana'anta kuwa kaya yake jira. Shi ya sa wasu ke rage mata ƙarfi da gangan. A Jami'ar Hokkaido an raunana injin nan a jikin Corynebacterium glutamicum, wadda ke samar da sinadarin farin magin miyarmu, sai ga ta tana cinye gulukos da sauri.

A 2002 masana a Danmak suka sa E. coli ta yi ta ƙera F1 shi kaɗai. Idan babu F0, ɓarnar ATP kawai yake yi. Nan take cin sukarinta ya ƙaru, girmanta ya ragu. Da suka kai dabarar ga Lactococcus lactis, ta masu yin cuku, muddin tana cikin girma cin sukarin bai motsa ba, don dama can ta ƙure gudunta. Dabara ɗaya ce fa, amma kowace da halinta.

Haka kuma furotin ɗin fata irin F0 ba ya son garaje. Kika matsa wa bakteriya ta ƙera shi da yawa sai ƙwayoyin su mutu, dalilin da ya sa Miroux da Walker suka zaɓo nau'in E. coli masu jure hakan, wato C41 da C43, a 1996 ke nan.

Saboda haka, 'yata, ki fara da kaɗan. Ki auna sukarin da aka ci, da kayan da ya fito, da girman ƙwayoyin, duk a littafi ɗaya, kafin ki taɓa babban tanki. Allah ya yi miki albarka.