Nasiha Kan Furta Sunayen Jaruman Wasannin Kwamfuta

Ya ku samarin Gaya da Ajingi masu taruwa a shagunan wasan PlayStation bayan La'asar, ku sani kowane suna yana da asali, kuma sanin asalin nan shi ne mabuɗin furta shi bisa ƙa'ida. Sunayen Japan, irin su Kazuya, wasulansu biyar ne kamar namu, saboda haka ku karanta su yadda aka rubuta. Ezio na Italiya kuwa "Etsiyo" ake cewa, alhali Altaïr Larabci ne tsantsa, wato Aɗɗa'iru, ma'anarsa tsuntsu. In suna ya shige muku duhu, ku saurari muryar cikin wasan da natsuwa, kamar yadda almajiri yake sauraron malaminsa wajen gyaran maharijin haruffa, sa'an nan ku maimaita har harshe ya saba.