Waken kaka da yunwar Agusta

Daga Nuwamba zuwa Disamba wake yakan cika kasuwar Dawanau ta Kano, da Maigatari, da Mai'aduwa. Farashi ya faɗi, dillalai na zaɓe son ransu. Manomin da ya kawo buhunsa ya san sarai nan da wata shida kuɗin zai tashi, amma haka nan zai sayar. In aka tambaye shi dalili, ba ya wuce biyu: bashi da hidimar biki sun taso, sannan in ya ajiye ƙwari za su cinye.

Abin da ke biyo baya shi ne yunwar tsakiyar damina. Daga Yuni zuwa Agusta rumbu ya yi ƙasa, sabon amfani bai nuna ba, ga aikin gona a wuya. A lokacin ne cibiyoyin kula da tamowa a Katsina da Maraɗi suke cika da yara. Gida na iya samun tuwo da koko, amma abin gina jiki ya ƙare, domin waken da zai maye gurbin nama tun kaka ya bar gidan. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwayar wake sinadarin gina jiki ne, wato ninki biyu na abin da ke cikin gero ko dawa. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, Nijar na biye da ita, amma 'ya'yan masu noman ne suke rasa shi.

Tsoron ƙwarin ba na banza ba ne. Tun a gona ƙwaron yake saka ƙwai a jikin kwanso. Tsutsar ta huda ƙwaya ta zauna a ciki tana ci, cikin kamar wata guda ta fito ta zama uwa, ita ma ta zuba nata ƙwan. Buhun da aka ɗinke yana sumul, kafin bazara ya koma huji da gari.

Maganin da mutane da yawa suka ruga wa ya fi cutar muni. Wasu na yayyafa Sniper a kan wake, alhali maganin feshi ne da ba a yi shi don abinci ba. Saboda ragowar irin wannan guba ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Waken da Turawa suka ƙi kuwa, cikinmu ya ci gaba da shiga. Wasu kuma na jefa ƙwayar Phostoxin a buhu su jingine shi a ɗakin da ake kwana, ba su san iskar da take fitarwa tana kashe mutum ba.

Akwai hanyar da ba ta buƙatar magani ko kaɗan: a hana ƙwaron iska. Masana daga Jami'ar Purdue ta Amurka da takwarorinsu na Marwa a arewacin Kamaru suka fara gwada ta da buhunan leda, daga 2007 kuma aka yaɗa ta a Afirka ta Yamma da sunan buhun PICS. Buhu ne mai hawa uku, leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. In aka ɗaure, ƙwarin da ke ciki su zuƙe 'yar iskar da ta rage, su daina ci da haihuwa, daga baya su mutu.

Sai dai buhun ba ya yafe ganganci. Dole waken ya bushe ƙarau, a sheƙe shi, a tsince ƙaiƙayi da tsinke don kada su huda leda. Mai shakkar bushewar ya zuba ɗan wake da busasshen gishiri a kwalba ya girgiza. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran danshi, sai a koma shanya. Kafin a zuba, a hura kowace leda a danna a ji ko tana fitar da iska. A ɗaure ta ciki ita kaɗai, a murɗe bakin a lanƙwasa, sannan ta biyu, sannan buhun waje. A ɗora a kan katako, nesa da bango, saboda ɓera. Abin da ya fi ɓata aikin shi ne yawan buɗewa: yau a ɗebi na ƙosai, jibi na alale. Waken ci na yau da kullum a ware shi daban. Wanda bai samu buhun ba, jarka mai tsabta ko durom mai murfin da ke rufuwa gam suna yin aiki iri ɗaya, muddin an cika su har baki. Tsohuwar dabarar kakanni ta gauraya wake da tankaɗaɗɗiyar toka ma tana nan, ga mai ɗan kaɗan.

Saura maganar bashi, wadda leda ba ta magance ta. A Nijar ƙungiyoyin manoma sun daɗe da wani tsari: su tara amfani a sito ɗaya mai kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannunsu, ɗaya a hannun mai ba da rance. Su karɓi wani kaso na kuɗin amfanin, in farashi ya tashi su biya su kwashe kayansu. Masu gudun kuɗin ruwa suna iya yin haka da adashe ko bankin hatsi na gari.

Makiyayi ma maganar ta shafe shi. Da kaka dabba ta yi ƙiba, hatsi ya yi araha. Da bazara ta rame, hatsi ya yi tsada. Ragon da aka sayar a Disamba ya fi sayo mudu da yawa a kan wanda dole ta sa aka fitar a Yuni. Gara a sayi gero da wake da harawa tun da wuri a adana.

Kafin maigida ya ɗora buhu a mota, ya zauna da uwargida su ƙiyasta waken da gidan zai ci har sabo ya fito, a cire shi tukuna. Yaron da ya kai wata shida, a ci gaba da ba shi nono, a riƙa dama masa kunu da garin soyayyen wake ko waken suya da gyaɗa, a sa masa zogale a miya. In ma'aunin damtse ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ko ƙafafunsa biyu suka kumbura, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira ranar kasuwa.