DARASIN KIWON LAFIYA: Abincin Yaro Da Wasansa, Ina Hannun Hukuma?

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi tukunya da filin wasa. Ku karanta a tsanake, wanda ya iya karatu ya karanta wa na gida.

Da farko mu san matsalar. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin ɗari na yaran Nijeriya ’yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A Jihar Katsina kuwa abin ya haura rabi. Mu nan Tsaskiya da sauran garuruwan Safana da Batsari ba sai an ba mu labari ba. Shekarun da rashin tsaro a gefen Dajin Rugu ya hana mutane zuwa gona, rumbu ya ragu, shanu sun tafi, nono ya yi tsada. Yaro shi ne ya fara jin jiki.

To, me hukuma ta tsara?

Na ɗaya, gishiri. Tun 1993 aka wajabta sanya sinadarin aidin a gishirin ci. Rashinsa shi ke kawo maƙoƙo, kuma yana dushe ƙwaƙwalwar yaro.

Na biyu, bitamin A. A 2002 aka wajabta ƙara shi a sukari da fulawa da man girki na kamfani. Ku duba jikin leda ko galan, za ku ga ’yar alama mai siffar ido. Haka kuma sau biyu a shekara, a makon lafiyar uwa da yara, ana ɗiga shi a bakin yara daga wata 6 zuwa wata 59. Yana tsare su daga dundumi, yana ƙara musu ƙarfin jure ƙyanda.

Na uku, ciyarwa a makaranta. An gwada shi a wasu jihohi a 2005, sannan gwamnatin Muhammadu Buhari ta farfaɗo da shi a 2016. An tsara shi don ’yan aji ɗaya zuwa uku na firamaren gwamnati, abinci sau ɗaya a rana, kan Naira 70 kowane yaro, daga baya aka mai da shi Naira 100. Manufar ita ce a sayi kayan daga manoman wurin, matan garin su dafa. A watan Janairu na 2024 aka dakatar da shirin domin bincike. Darasin da ke nan shi ne, shirin hukuma yana iya tsayawa, amma cikin yaro ba ya jira.

Na huɗu, motsa jiki. Darasin wasanni da kiwon lafiya yana cikin manhajar firamare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 kullum yana wasan da zai sa shi haki. Ba sai da ƙwallo mai tsada ba. Langa da tsere da kokawa da gaɗa duk sun isa. Yaron da ya yi boko da safe, Islamiyya da yamma, a ba shi ɗan lokaci ya yi guje-guje kafin magariba.

Saura namu na gida. Tuwo da rogo da dankali suna ba da ƙarfi, amma su kaɗai ba sa gina jiki. A haɗa da wake, gyaɗa, waken suya, ƙwai ko nono idan an samu. A sa zogale da rama da kuka a miya. Ɗan ƙuli-ƙuli a kwaɗo ko garin gyaɗa a kunu ba ƙaramin taimako ba ne. Jariri kuwa nonon uwa zalla har wata shida.

Iyaye mata, ku lura. In yaro ya rame, ko ƙafafunsa biyu sun kumbura, ko gashinsa ya yi ja ya yi laushi, tamowa ce, a garzaya asibiti. Za a auna damtsensa da ɗan tef. Idan ya nuna ja, yana cikin haɗari. Abincin gyaɗa na cikin leda da ake ba shi magani ne. Kada a raba wa yayyensa, kada a kai shi kasuwa. Wanda ya sayar da shi, lafiyar ɗansa ya sayar.

TAMBAYOYI
1. Wace cuta rashin aidin ke kawowa?
2. A wace shekara aka farfaɗo da ciyarwa a makarantu?
3. Minti nawa ya kamata yaro ya motsa jiki kullum?
4. Kawo abinci uku masu gina jiki da ake samu a garinku.

Aikin gida: kowa ya rubuta abin da ya ci yau tun safe, ya kawo wa malaminsa. Allah Ya ba mu lafiya da zaman lafiya, amin.