Jinyar Hanci Bayan Tiyata: Abin da Majinyaci da Danginsa Za Su Tarar

A ƙasar Damagaram ba kasafai neman ƙarin kyau kan kai mutum ga aikin hanci ba. Wani faɗuwa ya yi daga kan kabu-kabu karan hancinsa ya karye, wani jaki ne ya harbe shi yana yaro hancin ya warke a karkace, wata kuma tsiro ne ya toshe mata kafar numfashi har ba ta iya barci sai da baki buɗe. Mafi wuyar aiki shi ne na yaran da cutar noma ta cinye wa fuska, wadda wasu ke kira ciwon iska. Daga dasashi take farawa, galibi ga yaro mai shekara 2 zuwa 6 wanda tamowa ko ƙyanda ta raunana, kuma cikin 'yan kwanaki tana iya huda kunci ta ci leɓe da hanci. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su.

Tun 1992 ƙungiyar Sentinelles ta ƙasar Suwizalan, wadda Edmond Kaiser ya kafa a 1980, take kula da irin waɗannan yara a birnin Damagaram. Wasu a cikin Nijar ake yi musu aiki, waɗanda nasu ya yi tsanani kuma akan kai su Janeba. Daga ƙetaren iyaka, Sakkwato na da asibitin noma tun 1999. To, ko a ina aka yi aikin, a ƙarshe gida ake dawowa, Mirya ko Magarya ko Tanut, kuma a gidan ne aikin likita ke kamawa ko ya lalace.

Wanda ya farfaɗo daga allurar barci zai ji hancinsa a toshe, don sau da yawa akan cusa auduga a ciki ta tare jini, a cire ta bayan kwana ɗaya ko biyu. Ta baki zai yi numfashi, maƙogwaro ya bushe, wataƙila da tashin zuciya. Ruwa mai haɗe da ɗan jini zai riƙa ɗiga, shi ya sa ake manna ɗan bandeji ƙarƙashin hanci ana canzawa. Idan an taɓa ƙashi, ƙasan idanu kan kumbura ya yi baƙi, kuma kumburin ya fi tsanani a kwana na biyu zuwa na uku. A nan ne dangi kan firgita su ce likita ya ɓata fuskar. Haka jiki ke yi, kuma cikin mako biyu yawancin baƙin kan baje. Abin da aka ɗaura a kan karan hanci, da zaren ɗinki na waje, akan cire su wajen mako ɗaya.

Wanda aka sake gina wa hanci, lamarinsa dabam ne. Likita kan yanko fata daga goshi, ya juyo ta ƙasa ya rufe gurbin hancin, amma ya bar gindinta a manne kusa da gira don jini ya ci gaba da ratsa ta. Idan ana bukatar abin da zai tokare hancin, sai a ɗebo guringuntsi daga kunne ko haƙarƙari. Dabarar juyo fatar goshi tsohuwa ce, daga Indiya ta fito, kuma a 1794 wata mujalla ta Ingila ta buga labarinta. Wajen mako uku majinyaci zai zauna da wannan fata a miƙe daga goshi zuwa hanci kamar igiyar cibiya, sai ta kama sannan a koma a yanke gindin. Kallon ba daɗi, gaskiya ne. Amma uban da ya ga haka ya yi fushi ya kwashe ɗansa, ko ya ƙi komawa ranar aiki na biyu saboda shuka ko girbi, ya bar yaron da rabin aiki. Wanda aka ɗebi guringuntsi a haƙarƙarinsa kuwa, sau da yawa ƙirjin ya fi damunsa da ciwo fiye da hancin, musamman in zai yi tari.

Babban haɗari a gida daga masu ƙauna yake zuwa. Kaka ta ga kumburi, nan da nan ta ɗora tukunya, ta jiƙa tsumma, ta ce: "Matso nan, ɗan nan, in gasa maka ya sace." Gashi da ruwan zafi na buɗe hanyoyin jini, ya ƙara kumburi, ya tayar da haɓo. Fatar da aka dasa kuma ba ta ji sosai, tana iya ƙonewa yaron bai ce uffan ba. Haka nan barbaɗa garin magani, ko shafa man da likita bai bayar ba, ko turara hayaƙi a fuska. Uwa tana iya lallashin surukarta ta ce: "Inna, likita ya hana, a bari sai mun koma ya gani." Masu zuwa sannu su ma su yi haƙuri da ɗaga bandeji don su ga yadda aka yi.

Fyace hanci an hana, mako ɗaya zuwa biyu ko fiye, gwargwadon faɗar likita. In atishawa ta zo, a buɗe baki ta fita. A kwanta rigingine, a tada kai da matashi biyu. Daka, jan guga, ɗaukar kaya a ka da duƙawa tsakar gida da tsintsiya duk su dakata na wasu makonni, kokawa da ƙwallo kuwa sai bayan wata ɗaya da rabi aƙalla. Mai tabarau kada ya ɗora su a kan karan hancin da aka gyara sai an ba shi izini. Taba, ta sha da ta shaƙa, tana matse hanyoyin jini, kuma tana cikin manyan abubuwan da ke kashe fatar da aka dasa. Kada a sayi asfirin a wurin mai tallar magani a Kasuwar Dole ko bakin tasha don kashe ciwo, saboda yana hana jini daskarewa. A tsaya ga abin da aka rubuta, a kuma shanye shi har ƙarshe.

Batun salla kan dami manya, kuma malaman Malikiyya sun riga sun sauƙaƙa shi. Shaƙa ruwa da fyacewa a alwala sunna ne, barinsu don lalura bai ɓata alwala. Inda aka ɗaure da bandeji ana shafawa a kai. Wanda sujada za ta cutar da shi, ko goshinsa ne aka yanka, sai ya yi ta da ishara.

Yanayi ma yana da nasa. Ƙurar hunturu kan busar da cikin hanci ya yi ɓawo, mutum ya kai yatsa ya ɓamɓare, jini ya ɓalle. Ruwan gishirin asibiti da ake ɗigawa shi ke tausasa ɓawon, kuma in fita ta zama dole a rufe hanci da mayafi ko rawani sako-sako. Ranar bazara kuwa tana baƙanta sabon tabo, don haka malfa ta zama abokiyar tafiya. Yaron da noma ta kama yana bukatar abinci mai gina jiki, kunun gyaɗa, madara, ƙwai, wake, domin jikin da ke jin yunwa ba ya haɗa rauni. A riƙa wanke masa baki kullum, kuma in an koya masa motsa muƙamuƙi kada a bari ya daina, don bakin na iya ɗaurewa.

Akwai alamun da ba a kwana da su: jinin da ya ƙi tsayawa, zazzaɓi, mugunya ko wari, ciwon da ke ƙaruwa maimakon raguwa, gani dishi-dishi, sanƙarewar wuya, ruwa garai-garai mai zuba daga hanci ba ƙaƙƙautawa, ko fatar da aka dasa ta yi baƙi ko ta yi fari fat da sanyi. Wanda ke ƙauye ya garzaya asibitin da ya fi kusa, majo, wato ma'aikacin jinya, ya duba, in ta kama a tura shi Babban Asibitin Damagaram, kuma a tafi da takardun aikin a hannu.

Sauran kuwa jira ne. Jin ƙamshi kan ragu na ɗan lokaci sannan ya dawo. Kan hanci yakan yi tauri, mutum ya taɓa ya ji kamar ba nasa ba, har tsawon watanni. Ainihin siffar hancin ba ta gama bayyana sai wajen shekara guda, shi ya sa likitoci ba sa gaggawar sake gyara kafin nan. Yaro kuma fuskarsa na girma, don haka mai yiwuwa a bukaci ƙarin aiki in ya tasa, sai iyaye su adana katinsa su riƙa kai shi duk ranar da aka sa musu.